Daga kogin Ngadda zuwa burtsatsen unguwa: tarihin ruwan sha a Bulabulin, kuma wa ke duba shi yau?



Wanda ya kwana a Bulabulin daren Litinin 9 ga Satumba 2024 ba sai an ba shi labarin wayewar garin Talata ba. Madatsar ruwan Alau ta ɓalle, kogin Ngadda ya bar hanyarsa ya shigo gari, ya bi ta Fori da Galtimari da Gwange da Bulabulin, ya shiga Kasuwar Litinin, ya taɓa fadar Shehu, ya kai har asibitin koyarwa na jami'a. Hukumomi sun ce kimanin mutum 400,000 ne suka bar gidajensu. Da ruwa ya janye jama'a suka koma suna kwashe laka, suna shanya katifu, suna lissafin asara. A unguwanni da yawa abin da aka yi wa rijiyar burtsatse bai wuce wannan ba: aka tayar da inji, aka bar ruwa yana zuba har jan da ke cikinsa ya tafi, ya fito garau, sai aka ce alhamdu lillahi ya gyaru.

Ba a cika wata guda ba, a farkon Oktoba 2024, ma'aikatar lafiya ta jihar Borno ta sanar da ɓarkewar kwalara, kuma Maiduguri da Jere na cikin ƙananan hukumomin da aka ambata.

Hausawa na cewa waiwaye adon tafiya. Wannan rubutu waiwaye ne a kan yadda mutanen wannan gari suke samun ruwan sha tun kafuwarsa, da wanda yake da alhakin duba lafiyar ruwan a kowane zamani. Idan muka bi tarihin za mu ga ruwan shanmu ya fara daga hannun unguwa, ya koma hannun hukuma, sannan ya sake dawowa hannun unguwa. Da ya dawo, mai dubawa bai dawo tare da shi ba.

Yerwa a bakin Ngadda

Bayan Rabeh ya rushe Kukawa a 1893, aka kuma kashe shi a Kusuri a 1900, masarautar Borno ta yi 'yan shekaru tana neman mazauni. A 1907 Shehu Abubakar Garbai ya tare a sabon gari, Yerwa, kusa da tsohon ƙauyen Maiduguri, inda Turawan Ingila suka zaɓa ya zama hedikwatarsu. Garin na zaune a kan wani dogon tudun yashi da masana ke kira tudun Bama, wanda a can dā shi ne gaɓar tafkin Chadi lokacin da tafkin yake da girman gaske. Kogin Ngadda ya ratsa ta gefensa, yana tahowa daga kudu ta tafkin Alau, ya wuce ya baje a fadamar Jere.

Kogin na damina ne. Idan rani ya yi nisa sai ya ƙafe, mutane su tona yashin cikinsa su ɗebi abin da ya tsattsafo. Sauran ruwan gari kuwa daga rijiyoyin gida da na unguwa yake fitowa, da guga da igiya, a zuba a tulu a kai randa. Fatake da malamai da mahauta Hausawa da suka zauna a Hausari da Zango sun sha wannan ruwa tare da Barebari da Shuwa da Fulani. A lokacin mutane kaɗan ne, gidaje da fili, tsakanin masai da rijiya akwai tazara ko da ba a auna ba. Duk da haka ruwan bai kuɓuta daga cuta ba. Gudawa da atuni suna ɗaukar yara, kurkunu kuma na kwantar da manoma a ƙauyuka daidai lokacin shuka.

Zamanin duba-gari

Dattawanmu har yanzu suna ba da labarin duba-gari, wasu da dariya, wasu da ɗan haushi. Ma'aikacin tsafta ne na En'e, mai kakin sarki, wanda yake da ikon shiga gida ya leƙa randa, ya duba masai, ya dubi bakin rijiya da kwata. In ya ga 'ya'yan sauro a ruwa ko shara a bakin rijiya, maigida zai amsa kira, wani lokaci har gaban alƙali da tara. Dokar lafiyar jama'a ta 1917 ce ta ba wannan aiki gindin zama, kuma a farkon shekarun 1930 aka buɗe makarantar koyon tsafta a Kano wadda ta horar da irin waɗannan ma'aikata domin lardunan Arewa.

Kada mu yi wa zamanin ado fiye da kima. Turawa sun fi damuwa da lafiyar unguwarsu, kuma talaka ya sha wulaƙanci a hannun wasu masu kakin. Amma akwai abu guda da ba za a ƙwace wa tsarin ba: kowace rijiya tana da wanda za a tambaya in ta lalace, kuma akwai wanda aikinsa ne ya zo ya yi tambayar. Bulama ya san rijiyoyin unguwarsa, Lawan ya san na yankinsa.

A wannan zamani ne kuma fasahar rijiya ta canza. Sashen binciken ƙasa da duwatsu na gwamnati, wanda aka kafa a 1919, ya soma haƙa rijiyoyin kankare a Arewa daga ƙarshen shekarun 1920: a ɗaure cikinta da siminti, a ɗaga bakinta sama da ƙasa, a yi mata daɓe a kewaye. Hikimar ita ce kada ruwan da ya zuba a ƙasa, wanda ƙafar mutum da ta dabba suka taka, ya koma ciki. Wannan darasi na shekara kusan ɗari har gobe shi ne tushen lafiyar kowace rijiya.

Ruwan da ke fitowa da kansa

Allah Ya yi wa ƙasar Borno wata baiwa da ba kowa ya san girmanta ba. A ƙarƙashin Maiduguri akwai ma'ajiyar ruwa hawa uku. Ta sama tana farawa daga 'yan mitoci zuwa kimanin mita 100, kuma ruwan sama da na kogin Ngadda ne suke ciyar da ita. Ta tsakiya tana wajen zurfin mita 300, ta ƙasa kuma ta wuce mita 500. Tsakanin ta sama da na ƙasan akwai yumɓu mai kauri da ya rufe su ruf. Binciken da masana na Jami'ar Maiduguri suka yi da takwarorinsu na Ingila ya nuna ruwan da ke can ƙasa ya kai shekara kusan 20,000 a kwance, tun wani zamani da yanayin wannan yanki ya bambanta da na yau.

A shekarun 1950 masu haƙa suka huda yumɓun, sai ruwa ya yi tsartuwa sama da kansa, babu inji babu guga, da ɗuminsa. Daga ƙarshen shekarun 1950 zuwa farkon na 1960 aka haƙa irin waɗannan rijiyoyi masu yawa a masarautun Borno da Dikwa. Makiyaya suka huta da jan guga, ƙauyuka suka kafu a inda dā ba a iya zama da rani. A 1968 hukumar binciken ƙasa ta Amurka tare da masana na Najeriya suka fitar da rahoto a kan tsawon lokacin da wannan ruwa zai ci gaba da fitowa da kansa. Dalilin damuwar a fili yake: an bar rijiyoyi da yawa suna kwarara dare da rana babu makunni. Sannu a hankali ƙarfin ruwan ya ragu, da yawa daga cikinsu suka daina fitowa sai da inji.

Abin da ya shafe mu a nan shi ne bambancin hawa-hawan. Ruwan tsakiya da na ƙasa yumɓu na kare shi daga ƙazantar gari, sai dai in an yi sakaci wajen ɗaure bututun. Ruwan sama-sama kuwa ba shi da murfi sai yashi, kuma yashi ba ya riƙe sirri: abin da aka zuba a masai da kwata da bola yana iya sauka ya same shi. Sunan da mutanen wancan zamani suka ba burtsatse, cewa ruwansa ba ya cuta, daga waɗancan masu zurfi aka samo shi. Mu kuma muka gaji sunan muka ɗora wa kowane rami da aka sa wa bututu.

Alau da famfon gwamnati

Gari ya ci gaba da cika. Jirgin ƙasa ya iso a 1964, Maiduguri ta zama babban birnin jihar Arewa maso Gabas a 1967, aka kafa jami'a a 1975, aka ƙirƙiro jihar Borno a 1976. Farin 1972 zuwa 1974 da na 1983 zuwa 1984 ya koro mutanen karkara cikin birni, tafkin Chadi da a shekarun 1960 yake da faɗin kusan murabba'in kilomita 25,000 ya tsuke ƙwarai. Rijiyoyin gida da yawa suka ƙafe.

Amsar gwamnati ita ce madatsar Alau, wadda aka gina tsakanin 1984 da 1986 a kan Ngadda, ƙarƙashin hukumar raya yankin tafkin Chadi, domin noman rani da ruwan sha. A farkon shekarun 1990 matatar ruwan Maiduguri ta soma aiki: a jawo ruwa daga Alau, a kwantar da lakarsa, a tace, a sa masa kulorin, a turo ta bututu. A irin wannan tsari akwai ɗakin gwaji da ma'aikaci wanda aikinsa ne ya auna ruwan kafin ya fita. Wato duba-gari ya koma cikin matata.

Amma famfon bai taɓa kaiwa kowane gida ba. A watan Satumba 1994 Alau ta yi ambaliyar da ta shiga gari, gargaɗin farko ke nan shekara 30 kafin na 2024. Bututu suka tsufa, wasu suna bi ta cikin kwata, kuma idan famfo ya ɗauke, bututun da ya fashe yakan tsotso ruwan kwatar ya ajiye wa wanda zai fara tara idan an dawo da shi. A ɓangare guda kuma gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya kawo ƙarshen En'e, aikin duba-gari ya koma ƙarƙashin ƙaramar hukuma, inda ya yi ta raguwa saboda ƙarancin ma'aikata da kayan aiki.

Kowa ya haƙa tasa

Da famfo ya gaza, jama'a ba su zauna jiran gawon shanu ba. Mai hali ya haƙa burtsatse a gidansa. Masallatai da makarantu suka samu nasu daga masu neman lada. 'Yan siyasa suka haƙa na mazaɓa. Wasu suka mayar da shi sana'a: a haƙa, a gina tanki ko babban wurin tara ruwa na siminti, a riƙa sayar wa masu kura, waɗanda a Kano ake ce wa 'yan ga-ruwa, a nan kuma mai moya. Saboda tsada, mafi yawan waɗannan rijiyoyi ba su wuce hawan sama ba. Wasu ma da hannu ake haƙa su cikin kwana ɗaya ko biyu.

Rikicin da ya soma a Yulin 2009, wanda Bulabulin Ngarannam ta ɗanɗana kuɗarsa fiye da unguwanni da yawa, ya ƙara nauyin. Daga 2014 mutanen Bama da Gwoza da Dikwa da Baga da sauran garuruwa suka kwararo Maiduguri, mafi yawansu ba sansani suka shiga ba, gidajen 'yan'uwa da na haya suka sauka. Gidan da aka gina don mutum goma ya ɗauki talatin. Masai ya riƙa cika da wuri, aka haƙa sabo a duk inda aka samu wuri, sau da yawa bayan katangar da rijiyar maƙwabci take. A Janairu 2021 aka lalata turakun wutar da ke zuwa daga Damaturu, gari ya daɗe cikin duhu, ruwa ya dogara da man janareta da sola, farashin jarka ya tashi. Wanda ke neman abin da zai dafa tuwo ba ya tambayar zurfin rijiya.

Dole a yaba wa masu burtsatse da masu kura, domin ba don su ba da ƙishi ya tashi gari. Amma kowane ɗaya daga cikin waɗannan wurare ƙaramar hukumar ruwa ce mai shayar da gidaje hamsin, ɗari, ko fiye, kuma mafi yawansu ba su da ɗakin gwaji, ba su da kulorin, ba su da littafin da ake rubuta komai.

Baƙuwar da ta zama 'yar gida

Kwalara ta wannan zamani ta shigo Afirka ta Yamma a 1970, ta isa Najeriya a ƙarshen shekarar, kuma a 1971 aka ƙirga fiye da mutum 22,000 da suka kamu a ƙasar, kusan 3,000 suka rasu. A 1991 ta fi haka muni, wajen mutum 59,000 suka kamu, fiye da 7,000 suka rasu. Ta dawo da ƙarfi a 2010, Borno na cikin jihohin da ta fi taɓawa. A Agusta 2017 ta ɓulla a sansanin Muna Garage da ke Jere, ta bazu zuwa Dikwa da Monguno, ta kama fiye da mutum 5,000, ta kashe kimanin 60 kafin a sanar da ƙarshenta a Disamba. A wannan shekara ce aka yi gangamin rigakafin kwalara na ɗigawa a baki karo na farko a Najeriya, aka ba mutane kusan 900,000 a Borno. Da yawa daga cikinmu mun tuna ma'aikatan da ke tsayawa a bakin famfo suna ɗiga kulorin a kowace jarka.

Wannan aiki ya ceci rayuka. Sai dai aikin gaggawa ne: idan cuta ta lafa, kuɗin ƙungiyoyi ya ƙare, mai ɗiga kulorin ya tafi, rijiya ta koma yadda take. Kuma kwalara ita ce mai ƙarar da ake ji. Taifot da gudawar yara da ciwon shawara suna nan kullum suna aikinsu shiru. Binciken da hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta yi tare da UNICEF a 2016 da 2017 ya samu ƙwayar cutar da ke nuna taɓawar bayan gida a ruwan shan kusan gida 9 cikin 10 da aka gwada a faɗin Najeriya, kuma ruwan da ke cikin gida ya fi wanda ke bakin rijiya gurɓata. Ke nan jarka da randa da moɗa da hannu su ma suna da nasu kason.

Abin da ya faru da wasu

A 1854 kwalara ta kashe fiye da mutum 600 a wata unguwa ta birnin Landan cikin 'yan makonni. Wani likita mai suna John Snow ya bi gida-gida yana tambayar inda mamatan suke ɗibar ruwa, ya ga kusan duk sun haɗu a famfon tuƙa-tuƙa guda na titin Broad. Ya roƙi hukumar unguwa ta cire hannun famfon, aka cire. Daga baya aka tona aka ga ramin bayan gida na wani gida bai kai mita ɗaya daga rijiyar ba, kuma bangonsa na yoyo. Abin mamaki, ruwan wannan famfo ya yi suna wajen daɗi. Akwai wata dattijuwa da ta ƙaura zuwa wata unguwa mai nisa, amma kullum sai an kai mata ruwan saboda ta fi son ɗanɗanonsa. Ita ma cutar ta kashe ta. Mu da kura ke kai wa ruwa daga unguwa zuwa unguwa ya kamata wannan labari ya tsaya mana a rai.

Kada a ce wannan tsohon zamani ne. A watan Mayu 2000, a wani ƙaramin gari mai suna Wokaton a ƙasar Kanada, mai mutane kusan 5,000, an yi ruwan sama mai yawa, ya wanke kashin shanu daga wata gona ya shiga wata rijiya marar zurfi da ke ba garin ruwa. Mutum 7 suka mutu, kimanin 2,300 suka kwanta. Kwamitin bincike ya gano ma'aikatan sun daɗe ba sa sa kulorin yadda ya kamata, kuma suna cika littafin awo da lambobin da ba su auna ba. Ƙasa mai arziki, da doka da takarda, amma da aka rasa mai gaskiya a bakin rijiya da mai zuwa ya duba shi, takardar ba ta hana komai ba.

Me doka ta ce?

Mutane da yawa ba su san Najeriya tana da ma'aunin ruwan sha a rubuce ba. Hukumar SON ta fitar da shi a 2007 da lamba NIS 554, aka sabunta shi a 2015, kuma bai tsaya kan hukumomin ruwa na jiha ba, ya haɗa da rijiyoyin al'umma da masu sayar da ruwa. Kaɗan daga abin da ya ƙunsa: kada a samu ƙwayar cutar bayan gida ko ɗaya a cikin mililita 100 na ruwa. Sinadarin naitiret, wanda yawansa kan nuna masai ko taki na tsattsafowa cikin rijiya, kada ya wuce miligiram 50 a lita. Fuloraid, wanda yawansa ke ɓata haƙora da ƙashi, kada ya wuce miligiram 1.5. Dalma kada ta wuce miligiram 0.01. A 2010 kuma aka fitar da ƙa'idar haƙa rijiyar burtsatse, wadda ta yi bayanin zaɓen wuri, da toshe kewayen bututu da siminti, da gwada ruwa kafin a miƙa rijiya ga masu ita. Ruwan leda da na gora kuwa NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ita ke da alhakinsa. Ƙungiyoyin agaji na duniya suna aiki da ƙa'idar a bar aƙalla mita 30 tsakanin masai da rijiya. Hukumar lafiya ta duniya ma a 2024 ta fitar da jagora na musamman domin ƙananan hanyoyin samar da ruwa irin namu.

Mun taso da sanin cewa ana gane ruwa ta launi da ɗanɗano da wari, kuma malamai sun karantar da mu wannan a babin tsarki. Wannan hukunci ne na alwala da wanka, yana nan daram a wurinsa. Lafiyar ciki kuwa tana buƙatar ƙarin awo, domin ƙwayar kwalara da ta taifot ba sa canza launi ko ɗanɗano ko wari. Naitiret ma haka, kuma tafasawa ba ta fitar da shi, ƙara masa kauri take yi, ga shi jarirai 'yan ƙasa da wata shida ya fi cutarwa. Ɗakin gwaji kaɗai ke ganin waɗannan.

Abin da ke hannunmu

Gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da aikin sake gina Alau a 2025, muna fatan a gama shi da inganci. Amma ko an gama, shekaru masu zuwa mafi yawan gidajen Bulabulin burtsatse za su ci gaba da sha. Tunda ruwa ya dawo hannun unguwa, dubawa ma dole ta dawo hannun unguwa, tare da ma'aikatan lafiyar muhalli na ƙaramar hukuma da hukumar RUWASSA ta jiha.

Mataki na farko bai buƙatar kuɗi. A zauna da Bulama da limamai da matasa da mata, domin mata ne suka fi kowa sanin ruwan gida, a rubuta kowace rijiyar da jama'a ke sha: ta wane ne, yaushe aka haƙa, mita nawa, gida nawa take shayarwa. A taka a ƙirga tazarar da ke tsakaninta da masai mafi kusa, har da na bayan katanga. A dubi daɓenta, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A dubi bakin bututun, shin a rufe yake, shin ya ɗaga sama da inda ruwan damina ke kaiwa. A leƙa tanki a ga ko yana da murfi, a tambayi ranar da aka wanke shi.

Na biyu, a haɗa kuɗi a kai ruwan ɗakin gwaji da aka amince da shi, aƙalla sau biyu a shekara, da rani da kuma tsakiyar damina, sannan bayan kowace ambaliya ko gyaran inji. A tambayi ma'aikatan yadda ake ɗibar samfurin, don kwalba ta musamman ake amfani da ita kuma ba a barinsa ya kwana a zafi. Sakamakon a manna shi a jikin tanki kowa ya gani. Mai sayar da ruwan da ya manna takardarsa, mu fifita shi da cinikinmu.

Na uku, rijiyar da ambaliya ta shafe ba a gyara ta da zubar da ruwa kawai. Sai an wanke ta da kulorin mai ƙarfi a hannun wanda ya san aikin, an bar shi ya kwana, an fitar, sannan an gwada. Wadda ke daf da masai kuma gwaji ya nuna ta gurɓata, ko dai a riƙa sa wa ruwanta kulorin kullum ana aunawa, ko a bar ta ga wanki da gini. Masu kura a taimaka musu da wankin jarkoki, kada a tsaya ga zarginsu. A gida kuma a rufe randa, a ware mata moɗa mai mariƙi, ruwan jariri da na maras lafiya a tafasa shi ya yi ta ɓararraka minti ɗaya.

Ga masu niyyar haƙa rijiya sadaka, Allah Ya ba da lada, amma a sa kuɗin gwaji da na gyara cikin lissafi tun farko, a kuma nemi mai haƙa ya ba da takardar zurfi da irin ƙasar da ya ratsa.

Iyayenmu sun ji tsoron duba-gari saboda tara. Mu mun ga 1994, mun ga 2017, mun ga 2024, mun san abin da ya fi tara ciwo. Muna roƙon duk wanda ke da burtsatse a layinsu ya kai wannan magana wurin Bulama a wannan mako, a fara da rubuta sunayen rijiyoyin. Dattawan da suka riski zamanin rijiyar kankare da ruwan da ke fitowa da kansa kuma, a zauna da su a ɗauki labarinsu tun suna raye.

Allah Ya jiƙan waɗanda muka rasa a ambaliya da annoba, Ya ba marasa lafiya sauƙi, Ya zaunar da Borno da Najeriya lafiya. Amin.